Makomar ƙananan kamfanonin lantarki na Maine

A watan Nuwamban 2023, masu zaɓe a jihar Maine ta Amurka sun ƙi amincewa da kafa Pine Tree Power, hukumar al'umma da aka so ta saye manyan kamfanonin lantarki na Central Maine Power da Versant. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar ƙananan kamfanonin da tuni suke mallakar masu amfani da wutar, irin na garuruwan Houlton da Kennebunk. Da yake wutar wasu daga cikinsu tana bi ta manyan layukan da irin wannan hukuma za ta gada idan aka kafa ta nan gaba, ina ganin wajibi ne doka ta hana a ɗora musu bashin sayen, ta kuma bar musu ikon tafiyar da harkokinsu.