Abin da Tsohuwar Jif ta Alfarma Ta Koya Mini a Kaduna

A ƙarshen 2021 na sayi wata babbar jif ta alfarma ƙirar Turai, fitowar 2008, mai injin silinda takwas, a hannun wani dillali a nan Kaduna. Abin da ya ruɗe ni shi ne kuɗinta bai kai na ƙaramar motar Japan mai shekara shida ba, ga kujerun fata, ga kuma yadda ta haɗiye ramukan titin Nnamdi Azikiwe ranar gwaji ba tare da na ji su a ƙuguna ba. Dillalin ya ce mini, "Alhaji, wannan ai daga Amurka ta sauka, ko goro ba a taɓa ci a cikinta ba." Na duba takardun kwastam na ga sun cika, na ga 140,000 a dashbod na ɗauka kilomita ne, alhali mil ne, wato tafiyar da ta haura kilomita 225,000.

Wata biyu da saye, wata safiya cikin hunturu, na fito na tarar da ita ta durƙusa ta gefen hagu kamar raƙumin da ake shirin yi wa laftu. Irin waɗannan motoci ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan jakunkunan roba ne masu cike da iska, akwai kamfaresa da ke hura su da ƙananan na'urori masu auna tsayin motar daga ƙasa. Robar da ta shekara 13 tana lanƙwasuwa dole ta tsage, kuma tsagewar takan fara ne da ɗan yoyon da ido ba ya gani. Da yake motar tana miƙewa da zarar na tayar da injin, sai na yi sakaci har makonni, ban san cewa kamfaresar tana aiki ba hutu don ta cike iskar da ke zurarewa ba, har ta ƙone. Gyaran jaka ɗaya ya koma gyaran abu biyu, kuma laifin nawa ne.

Na je Ori-Apata na sayo jaka da kamfaresa na hannu, waɗanda ake kira Baljiyam, ban yi tunanin cewa daga mota sa'ar tawa aka ciro su ba, don haka robarsu ma ta tsufa daidai da wadda na cire. Wata bakwai suka yi. Daga nan na bi shawarar bakanike aka cire tsarin iskar gaba ɗaya aka sa sifirin, sannan aka shiga kwamfutar motar aka kashe gargaɗin da ke ta kunnuwa. Laushin tafiyar ya ragu, ba zan ɓoye ba, amma a ganina wanda yake bin hanyar Abuja ko Zariya ya fi bukatar motar da ba za ta zauna masa a daji ba.

Matsalar da ta fi tsorata ni ta faru ne a watan Maris na 2022, kusa da Jaji, lokacin da allurar zafi ta haura kuma tururi ya taso daga gaban motar. Na tsaya nan take na kashe injin, kuma wannan tsayawar ce ta cece ni, domin kan injin na alminiyam ne, idan ya yi zafi fiye da kima yakan lauye ya ƙona gaskit. Tankin ruwan na roba ne, zafi da shekaru sun busar da shi ya fashe. Da aka buɗe sai muka ga wani ya riga ya cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, ya haɗa fanka kai tsaye, kuma ruwan famfo zalla ake zubawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya injin mai hana tsatsa. Wannan al'ada ta yaɗu a garejojinmu da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi, amma sakamakonta shi ne injin ba ya tsayawa a zafin da aka tsara masa, yana ƙara shan mai, tsatsa kuma tana cin famfon ruwa a hankali. Na sauya tanki da tiyo-tiyo da famfo da tamostat a zama ɗaya, abin da ya kamata in yi tun makon da na saye ta.

Da damina ta kankama a watan Agusta, ƙura da ganyen dalbejiya da suka toshe magudanan tagar rufi suka sa ruwa ya gangara ƙarƙashin kafet, inda wayoyi da wasu na'urori suke kwance, batir ya dinga mutuwa cikin dare. Rewaya biyu suka yi ta yanke wayoyi bisa canke, kafin wani matashi ya zo da kwamfutar bincike, ya jona ta a kafar da doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, ya gano na'urar da ta jiƙe cikin mintuna kaɗan. Giyar ma takan yi fizga idan na rage gudu, kuma sauya man giyar, wanda aka ce mini ba ya bukatar sauyi, shi ya kawar da fizgar. Shi kuwa injin, da nake sa masa baƙin mai mai kyau a kan lokaci, har yau ba a buɗe cikinsa ba. Duk abin da ya ba ni wahala roba ne, ko waya, ko gyaran wanda bai san motar ba.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya shi ne cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 600 a watan Yuli. Tawa ba ta wuce kilomita biyar a lita ɗaya a cunkoson Kawo da titin Ahmadu Bello. Naira ma ta faɗi a watan Yuni na wannan shekarar, kuma kayan gyaran da ake kawowa daga Ladipo a Legas da dala ake lissafa su, ba tare da la'akari da arhar da na sayi motar ba.

Yanzu tana kwana a rumfa ranakun aiki, sai tafiyar Zariya ko Kano nake fito da ita. Kwanan baya wani ƙanen abokina ya zo tayawa, yana ta shafa kujerun kamar yadda na yi a 2021. Na ce masa ya dawo da mai kwamfuta, ya ɗaga kafet ya shinshina, ya sa a shiga ƙarƙashinta a duba tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara, sannan ya zo da sassafe ya tayar da ita da kansa tana sanyi. Har yanzu bai dawo ba.