Ƙarar da ke ƙarƙashin Hilux ɗina

Sana'ata kai taki ƙauye da damina, in kaka ta yi kuma in ɗauko masara. Daga Kaduna nake tashi, in bi ta Mararrabar Jos da Pambeguwa zuwa Saminaka, daga nan sai a yi sallama da kwalta. Burji ne da taɓo da rafuka. Tsohuwar Hilux ce ke yi mini wannan hidima, shi ya sa nake sauraron kukanta kamar na jariri.

A watan Agustan bara ta fara wata ƙara. In na saki totur sai in ji "gam" a ƙasa, in na sake takawa in ji wani "gam" ɗin. Wani yaro a bakin hanya ya ce in bari ya ƙara ɗaure babban notin da ke bakin aksil na baya. Allah ya sa ban yarda ba. Daga baya na fahimci cewa notin nan shi ke daidaita matsin boris na ciki. In aka ɗaure shi da ka, boris ɗin ya yi zafi ya ƙone, aikin kwana ɗaya ya koma na mako.

Dattijon da ke duba mini mota a Kurmin Mashi bai taɓa sufana ba da farko. Ya sa aka tokare tayoyi da duwatsu, aka ja birkin hannu, aka mai da giya firi. Ya kwanta a kan kwali, ya kama farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil, da hannu biyu yana murɗa ta dama da hagu.

"Alhaji, sauko ka gani da idonka."

Na durƙusa. Ya ɗora yatsana a kan kuros ɗin baya, wato gaɓar da ke haɗa farfela da aksil, ya sake murɗawa. Sai na ji ƙarfen yana motsi shi kaɗai kafin aksil ya amsa. A gefen kofunan kuros ɗin akwai wani jan gari kamar barkono. Ya ce tsatsa ce, ƙananan allurai na ciki sun bushe suna cin juna.

"Baba, shi ke nan matsalar?"

"Ba shi kaɗai ba. Wasan nan taruwa yake yi."

Haka yake kuwa. Daga giyabos zuwa taya akwai gaɓoɓi da yawa, kowacce da ɗan sararinta: kuros biyu, haƙoran da farfela ke zamewa a kansu, haƙoran cikin aksil, sai na shaf, ƙarfen da ke kai juyi daga aksil zuwa taya. Ɗan wasa dole ne, don mai ya sami wurin shiga, ƙarfe kuma ya buɗe in ya yi zafi. A aksil irin na motata, tsakanin babban haƙori da ƙarami 0.13 zuwa 0.18 na milimita ake so, kaurin gashi biyu ke nan, kuma da agogon awo ake gane shi. In kowace gaɓa ta ƙara kaɗan, sai su haɗu su zama guduma, kowane taka totur bugu ne.

Da ya kwance notin man aksil, abin da ya zubo ya fi kama da koko. Wannan ya fi ba ni takaici, domin na san inda aka samo shi. Aksil na da ɗan hancin da yake numfashi ta sama. Ka taho da shi da zafi ka tsoma a rafi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa. Na ƙetare rafuka sun fi a ƙirga ban taɓa dubawa ba.

Muka sayo kuros mai kan giris a Panteka. Ya yi wa farfela alama da alli kafin ya cire ta, don ta koma yadda take, in ba haka ba ta riƙa karkarwa. Muka zuba sabon man giya 80W-90 mai lambar GL-5, ya kuma sa wa hancin nan tiyo ya ja shi sama can ƙarƙashin bodi.

Sauran gyaran a ƙafata yake. Na daina barin ogzilare, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, a kan kwalta, domin wannan mota ba ta da abin da ke raba juyin gaba da na baya, sai ƙarafan su yi ta murɗe juna, musamman a kwana. Na daina haɗa sabuwar taya da tsohuwa mai bambancin girma. In na maƙale a taɓo ba na fizgar kuloci, don taya mai juyawa a banza in ta cafki ƙasa farat ɗaya, shaf ne ke ɗaukar dukan.

Yanzu bindigar giris na bayan kujera. Duk ranar da na shiga ruwa, kafin in kwanta sai na bi kawunan farfela ɗaya bayan ɗaya har sabon giris ya turo tsohon. Wurin zamewar nan kaɗan nake sa masa, don in ya cika maƙil yana tura boris. Gobe in sha Allahu ina da buhu 15 zuwa wani ƙauye bayan Lere, kuma an ce rafin ya kawo.