Tokar da ke ƙarƙashin fenti

Asabar. Tun asuba ake yayyafi. Maman Hanif ta ce in yau ma ban kai motar nan Panteka ba ita za ta kai da kanta, don ƙofar bayan da mai Keke ya goga ta fara yin ja. Na kurɓi koko na fita.

Na tarar da Baba Sale yana gurzar wata Corolla 'yar Kwatano da samfefa. Ya zo ya sa farce ya ɓanɓare gefen tabon ƙofata, sai ga fentin hawa-hawa, can ƙasa kuma wani siririn shafi toka-toka manne da ƙarfe. Yaronsa ya jawo injin gurza zai ci har ƙasa, Baba ya daka masa tsawa: "Kai! Kar ka taɓa min tokar nan. Inda ta mutu kaɗai za ka ci." Sannan ya juyo ya ce, "Malam, wannan na kamfani ne. In ka cire shi, duk faraimar kasuwa ba ta mayar maka da shi. Damina biyu tsatsa ta huda ƙofar."

Daɗi ya kama ni, don abin da nake koyarwa ke nan ɗalibai suna hamma. Na ja benci na zauna. Na ce Baba, ai ba fesa shi ake yi ba, tsoma motar ake yi. Bodin gaba ɗaya, tun ba a sa inji ko kujera ba, a wanke maiƙonsa, a yi masa wankan fosfet, wani sinadari da ke sa fenti ya kama ƙarfe, sannan a nutsar da shi cikin ƙaton tanki wanda mafi yawansa ruwa ne, da ƙwayoyin fenti suna yawo a ciki ɗauke da cajin fozitib. A haɗa bodin da negatib, a saki wutar lantarki mai ƙarfin bolt 200 zuwa 400. Ƙwayoyin sai su taho su manne. Inda ya fi burge ni, duk wurin da ya rufu wuta ta daina ratsa shi sosai, sai fentin ya koma neman inda ƙarfe ke tsirara, har cikin ƙofa da lungun da bakin injin feshi ba zai taɓa leƙawa ba. Minti biyu zuwa uku an gama. Kaurinsa wajen maikiron 20, bai kai silin gashi ba. Daga nan a gasa a tanda mai zafin digiri 170 zuwa 180.

Na ci gaba da zuba. Na ce sama da shekara 200 ke nan wani masani mai suna Reuss a Mosko ya ga ƙwayoyin yumɓu suna tafiya cikin ruwa in an sa musu wuta. Ford a Amurka suka fara tsoma motoci a 1963, a shekarun 1970 aka koma irin wannan na negatib da ya fi tare tsatsa. Yanzu injin wanki, kayan tarakta, ƙarafan kujeru, duk ana yi musu. Masu bincike ma da wannan dabara suke gwada lulluɓe ƙarfen titaniyom da ake dasa wa mutum a ƙashi da wani sinadari irin na ƙashin.

Baba yana ji yana kwaɓa fila a kan wani guntun kwali. Da na tsaya shan iska ya ce, "To Malam, tunda kun san duk wannan, me ya hana ku haɗa mana ɗan ƙarami a nan? Ga masu gado, ga masu ƙofa da taga, ga masu injin markaɗe. Kowa feshi yake yi, shekara na zagayowa kaya ya yi ja."

Na ce akwai wahala. Ruwan sai tatacce marar gishiri. Tankin dole a riƙa juya shi dare da rana, in famfo ya tsaya fentin ya kwanta ya lalace. Ga tanda. Ya yi dariya ya ce, "Wato wuta." Na ce wuta. Ya ce, "Mu ma ai ba mu da ita, amma ga shi muna walda."

Maganar nan ta hana ni sakat har gida. A Kaduna, garin da aka fara haɗa Fijo a unguwar Kakuri tun 1975, ni ina da bayani a allo, shi yana da hannu, tsakanin ajina da rumfarsa tafiyar Keke ɗaya ce, amma ko ƙusa ɗaya ban taɓa tsomawa ɗalibaina sun gani da ido ba. Ba wanda ya taɓa tambaya ta sai yau.

Motar sai Talata. Kuɗin ya ɗan yi ciwo. Hanif ya ɓatar da takalminsa na Islamiyya, gidan ya ɗau zafi har magariba.

Bayan isha na ɗauko takarda ina lissafin tankin da zai ɗauki madaurin ƙofa da ƙananan ƙarafa kawai, famfon ya zauna a kan sola. Fentin ne matsalar, daga waje za a shigo da shi. Litinin zan tare Injiniyan makarantarmu in ji ko na'urar da ke ɗakin gwaji tana iya ba da bolt 200.