Ashe Yaya bai ƙure Mai Gajeren Wando ba

A layinmu babu yaron da ya taɓa kiran gem ɗin nan da sunansa na gaskiya. Mai Gajeren Wando muke ce masa, domin da zarar an taɓa aktan sau ɗaya sai sulkensa ya tarwatse, ka gan shi yana zuba gudu a maƙabarta daga shi sai gajeren wando, ga gemu buzu-buzu. In aka ƙara taɓa shi kuma sai tarin ƙashi a ƙasa. Sai da na yi hankali na san cewa Ghosts 'n Goblins ake ce wa wasan, aktan kuma sunansa Arthur.

Kaset ɗin ya shigo gidanmu ne da hunturun 1996. Kawu ya sayo mana shi a kasuwar Sabon Gari, ruwan ɗorawa, an manna masa hoton wani ƙato riƙe da bindiga wanda ko kusa ba shi da alaƙa da abin da ke ciki. Na'urarmu irin kwaikwayon Famicom ɗin nan ce (na'urar wasan talabijin ta kamfanin Nintendo) da ta cika Kano a lokacin, mai zuwa da pad biyu da bindigar harbin agwagwa da kaset guda da aka rubuta wa wasanni 9999, waɗanda in ka zauna ka ƙirga tsakani da Allah da ƙyar za su kai goma sha biyu, sunaye kawai ake sauya musu. Shi kuwa sabon kaset wasa ɗaya tak ne a cikinsa. Har muka yi ta raɗa cewa an cuci Kawu.

Mu biyar ne masu zama gaban talabijin: Yaya, ni, ƙanenmu, da 'ya'yan maƙwabta biyu. Dokar gidan ita ce wanda ya mutu ya miƙa pad. A Mario mutum yakan riƙe shi minti goma, a Contra ma yakan ɗan taɓuka. A Mai Gajeren Wando kuwa pad yawo yake yi kamar moɗa a bakin randa. Ana farawa za a nuna Arthur zaune da gimbiyarsa a maƙabarta (har yau ban gane dalilin zuwa zance maƙabarta ba), sai wani aljani mai fukafukai ya sauko ya sure ta. Daga nan gawarwaki su fara tsirowa daga ƙasa, gaba da baya, wani lokaci ma a daidai inda ƙafarka take. Hankaki yana kan kabari yana jiranka. Wata tsiro mai baki tana tofo maka abu daga sama. Agogo kuma yana tafiya, in ya ƙare ka mutu ko da babu abin da ya taɓa ka.

Abin da ya fi kashe mu a makon farko tsalle ne. A Mario in ka yi tsalle ka ga ba daidai ba, kana iya ɗan karkatawa a sama ka gyara sauka. Arthur ba ya haka. Da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa an riga an rubuta inda zai dira, ko da bakin rami ne, ko da kan gawa ne. Sai ka ga mutuwarka tun kana sama, kana danna pad da ƙarfi kamar za ka fasa shi, ba abin da zai sauya. Ƙanenmu yakan ɗaga pad ɗin gaba ɗaya ya karkata da jikinsa har ya fizge waya.

Sai kuma Jan Aljani. Duk wanda ya buga wasan nan ya san shi. Yana zaune shiru a ƙarshen maƙabarta, kamar mai jiran a kawo masa abinci. Ba shi ne bos ɗin matakin ba ma, amma a kansa yawancin mutane suke tsayawa. Ka jefa masa mashi ya tashi sama. Ka yi tsalle ka jefa ya ƙara yin sama. Ya ɗan yi lilo yana kallonka, sa'an nan ya sheƙo ta inda ba ka zata ba, ya kwashe sulken, ya zagayo ya kwashe ran. Sauran abokan gaba suna da hanyar da suke bi, ka haddace ka wuce. Shi wannan motsinka yake bi. Mun yi wajen mako uku ba wanda ya wuce shi. Daga baya na ji cewa Red Arremer ake ce masa, kuma ya yi farin jinin da har aka yi wasannin da shi ne akta a ciki, irin su Gargoyle's Quest na Game Boy a 1990 da Demon's Crest a 1994. Da na ji haka sai na ce lallai duniya ba ta da ta ido.

Akwai kuma masifar wuta. Makaman wasan biyar ne: mashi da ake farawa da shi, wuƙa, gatari, wuta, da garkuwa. Wuƙa ce sarauniya, tana tafiya a miƙe kuma da sauri. Ita wuta sai ka jefa ta faɗi gabanka kaɗan ta kama ci a ƙasa, in ka jefa biyu kuma sai ka jira sun mutu kafin ka sake jefawa, kana tsaye hannu rabbana gawarwaki na nufo ka. Abin haushin, makamin da ka taka shi ka ɗauka, ba a tambayarka, kuma ko ka mutu da shi za ka tashi. Wata rana ɗan maƙwabcinmu ya taka wuta bisa kuskure a lokacin da Yaya ya sha wahala ya samo wuƙa. Kwana biyu bai shigo gidanmu ba.

A lokacin mun ɗauka mugunta ce kawai ta waɗanda suka ƙera shi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma da dalili. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da wasan a 1985, a can sunansa Makaimura, wato ƙauyen duniyar aljanu, kuma Tokuro Fujiwara ne ya tsara shi, mutumin da ya yi Commando a wannan shekarar. Asalinsa ba wasan gida ba ne. Na manyan akwatunan nan ne na gidajen wasa da ake jefa wa kwabo kafin su ba ka rai. Mai akwati ba ya son yaro ya jefa kwabo ɗaya ya kwana a kai, don haka dole a kashe ka da wuri, amma a bar ka da jin cewa saura ƙiris, ka sake laluben aljihu. Da aka mayar da shi kaset na gida a 1986 sai aka kwaso halin nan gaba ɗaya aka kawo falo, inda babu ramin jefa kwabo. Duk da haka an sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya da rabi. Namu na Sabon Gari ba ya cikin lissafin, ba shakka.

Mu huɗu mun haƙura mun koma Contra. Yaya ne ya ƙi. Yana aji biyu na babbar sakandare a lokacin, mutum ne marar yawan magana, kuma in ya ƙulla abu a ransa sai dai a bar shi. Ya samo littafin rubutu mai shafi arba'in ya fara zana taswira: inda tulu yake fitowa da sulke, inda za a tsaya a jira, inda ba a tsalle. Shi ya gano cewa in ka yi ta jifan kabari sai wani boka ya fito ya mayar da kai kwaɗo. Shi ya fara ganin ƙattan nan na cikin gidan bene a mataki na biyu, masu shan jifa goma kafin su faɗi. Shi ya zo mana da mugun labari cewa kogon mataki na uku cike yake da Jajayen Aljanu, ba ɗaya ba. Shi ya gane cewa mashi ba ya yi wa macijin nan mai tashi komai, garkuwa kuma ba ta kama ƙaton nan mai ido ɗaya.

Kaset ɗin yana barin ka ci gaba daga matakin da ka mutu sau nawa ka ga dama, amma ba ya ajiye komai. In na'ura ta mutu, sai maƙabarta. Saboda haka abokan gabar Yaya na gaske ba a cikin talabijin suke ba. Akwai adafta da take zafi har ba ta taɓuwa, wadda muke ɗorawa a kan siminti muna yi mata fifita da murfin kwali. Akwai Umma da take cewa a kashe a tafi masallaci, ko lokacin labarai ya yi Baba zai kalla. Dabarar da Yaya ya samo ita ce ya zare wayar eriya kawai, ya rufe na'urar da ɗankwali tana kunne. Sai kuma ɗauke wuta. Ranar da ya fara isa mataki na biyar, bayan wajen awa huɗu, fanka ta tsaya cak. Bai ce uffan ba. Ya ajiye pad a hankali ya fita ƙofar gida, muka bi shi da ido ba wanda ya iya ce masa sannu.

Ya kai ƙarshen mataki na shida sau ɗaya da wuƙa a hannu, ya kashe manyan aljanu biyun da ke gadin ƙofa, sai wasan ya mayar da shi farkon mataki na biyar. Ashe ba a shiga wurin babban bos sai da garkuwa. Wannan ma ya rubuta a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

A dogon hutun 1997, wata Asabar da aka wuni ana yayyafi, ya shiga ɗakin ƙarshe. Falonmu ya cika, har da yaran da ban san daga wane layi suka zo ba. Bos ɗin ƙato ne mai fuska biyu, ɗaya a kai ɗaya a ciki, kuma gaskiya bai kai Jan Aljani wahala ba. Da ya faɗi, ihun da muka yi sai da Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Wani rubutun Turanci ya fito a allo. Ba wanda ya karanta, ana ta tsalle ana ɗaga Yaya sama. Da muka waiwaya mun ga Arthur ya koma maƙabarta, muka ce to ai haka duk gem yake yi in an ƙure shi. Yaya ya miƙa hannu ya kashe na'urar da kansa. Bai sake taɓa kaset ɗin ba.

Daga ranar ya zama wanda ya ƙure Mai Gajeren Wando. Har a ranar ɗaurin aurensa sai da wani abokinsa ya tayar da zancen.

Bara ɗana ya saka mini manhajar buga tsofaffin wasanni a kwamfuta, irin wadda take barin ka ajiye wasa a duk inda ka so, ka mutu ka dawo daidai wurin. Na nemo mutumina. Na ji ma cewa Fujiwara ya dawo ya yi sabon salo a 2021, Ghosts 'n Goblins Resurrection, amma ni tsohon nake da bashi a kansa. Na yi ta ajiya ba kunya, kusan kowane taku uku, kuma duk da haka sai da na yi dare shida. Na kashe mai fuska biyu wajen ƙarfe ɗaya na dare, ni kaɗai, babu mai ihu. Rubutun ya fito, wannan karon na karanta. Cewa yake yi wai ɗakin nan ruɗani ne, tarko ne da Shaiɗan ya ɗana, ka yi gaba ba tsoro. Ma'ana ka koma maƙabarta ka sake bin matakan nan duka, abokan gaba sun ƙara zafi, ka sake nemo garkuwa, ka sake kashe bos, sa'an nan a ba ka gimbiya. Na daɗe ina kallon allon. Na ƙara dare biyar na yi zagaye na biyu, ladan kuma shi ne 'yan layuka na gurɓataccen Turanci, inda ko kalmar taya murnar ba a rubuta daidai ba, "Congraturation" aka sa.

Na yi kwana uku ina juya maganar kafin na kira Yaya. Bayan mun gaisa, na tambayi Anti da yara, na ce, "Yaya, ka tuna rubutun da ya fito ranar da ka ƙure Mai Gajeren Wando?"

Ya ce, "Wane rubutu?"

Na karanta masa, na fassara, na yi masa bayanin zagaye na biyu. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke.

"Kai ka yi na biyun?"

Na ce na yi.

"Da wannan abin naku na ajiye-ajiye?"

Na ce eh.

"To ai kai ko na farkon ba ka yi ba." Ya tambayi lafiyar yara ya kashe waya.

Da Babbar Sallah suka zo gidana yini. Bayan an ci nama an yi la'asar, sai na ga yana ta waige-waige a falo, can ya ce wa ɗana, "Kai, ɗauko mini abin nan na babanka." Ya hana a nuna masa yadda ake ajiya. Ya gyara zama a kan kafet, ya cire hula ya ajiye gefe, yara suka kewaye shi. Gawarwakin bai ko kalle su ba, hannunsa bai manta ba, har wurin da ake tsayawa a jira hankaki ya tuna. Ya iso ƙarshen maƙabarta da sulkensa cif. Jan Aljani yana zaune inda ya bar shi.

Sau tara na ƙirga yana kashe Yaya. A na taran ya juya pad ɗin yana duba bayansa, ya ce, "Wannan pad ɗin naka ba shi da kyau. Ina aka kai namu na gida?"