JF-17 guda uku da tsaron sararin saman Najeriya

Duk sanda aka sanar da sayen sabon jirgin yaƙi, gardamar kan tsaya a kan gudunsa da yawan makaman da yake ɗauka. Abin da na koya daga bin tarihin rundunar sojin saman Najeriya shi ne tambayoyi biyu ne ke gaba da waɗannan: wane aiki za a ba jirgin, kuma guda nawa za su iya tashi a safiyar da aka neme su.

Aikin iri biyu ne, mutane kuwa suna cakuɗa su. Akwai tare jirgin da ya kutso sararin ƙasa ba izini, wanda ke buƙatar gudu da rada da makami mai linzami. Akwai kuma kai farmaki ga maƙiyi a ƙasa, kamar a dajin Sambisa ko dazukan Zamfara. JF-17 Thunder, ƙirar Pakistan da Sin, wanda aka ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a watan Mayun 2021, yana wuce gudun sauti, don haka ya dace da aiki na farko. A-29 Super Tucano guda 12 da suka fara isowa a Yulin 2021 masu farfela ne, ba za su kamo jirgin yaƙi ba, amma suna iya shawagi na sa'o'i a kan wuri guda da ɗan mai kaɗan, matuƙi na kallon abin da ke ƙasa a tsanake. Yaƙin da ƙasar ke ciki yau irin na biyu ne.

A yi lissafin guda ukun nan. Jirgin tarewa bibbiyu yake tashi, ɗaya na kare ɗaya. Kowane jirgi kuma yana da adadin sa'o'in tashi da in ya cika dole a kwance shi a duba, ko da lafiyarsa ƙalau. Da zarar ɗaya ya shiga wannan dubawa, saura biyu, kuma su ne za a horar da matuƙa da su, domin matuƙin da ya daɗe bai tashi ba hannunsa kan yi sanyi. In famfon mai ko wata na'ura ta ɗaya daga cikinsu ta lalace, babu sauran jiran ko-ta-kwana. Daga Makurɗi zuwa Maiduguri kusan kilomita 700 ne, tafiyar minti 45 ke nan bayan an tashi. Kafin nan sai radar ƙasa ta hango baƙon jirgin, labari ya kai cibiyar ba da umarni, a ba da izinin tashi. Inda radar ke da giɓi, gudun jirgi bai amfana komai ba. A ganina guda uku sun isa a koyi jirgin a san halinsa, amma ba su isa gadin ƙasa mai faɗin Najeriya ba.

Kayan gyara ne suka fi kashe mana jirage. An sayi Jaguar 18 daga Ingila a shekarun 1980, ba su yi shekaru da yawa ba aka jingine su saboda tsadar kula da su. Alpha Jet, da aka sayo a farkon shekarun 1980, shi ne ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, har ya kai zamanin Boko Haram, don ya fi sauƙin riƙewa. Injin JF-17, wato RD-93, na Rasha ne, ke nan gyaransa ya rataya a kan ƙasashe uku. Siyasa ma tana shiga: Amurka ta dakatar da cinikin Super Tucano bayan harin kuskure da jirgin sojin Najeriya ya kai a garin Rann na jihar Borno a Janairun 2017, daga baya ta amince.

Rann ɗin kansa abin tsayawa ne. Jirgi ya saki bam inda aka nufa, amma waɗanda ke wurin 'yan gudun hijira ne da ma'aikatan agaji, aka yi asarar rayuka masu yawa. Sabon jirgi ba ya maganin bayanan sirri marasa inganci. Sauka ƙasa-ƙasa don a gani da kyau ma yana da nasa haɗarin, domin a Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira.

Sai yanayi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Maiduguri yana rage ƙarfin inji, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa kaya. Ƙurar hunturu tana cinye ruwan fankar inji, hazo kuma ya rufe ƙasa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba M-346FA guda 24 da aka yi oda daga kamfanin Leonardo na Italiya. Yawansu da injinsu biyu abin so ne, kuma za su iya gadon Alpha Jet wajen horo da farmaki. Abin da ya kamata 'yan majalisa su nemi gani shi ne kwangilar: kayan gyaran shekara nawa ke ciki, makanikai nawa za a horar, kuma a ina za a riƙa yi wa injinan babban gyara.