Lissafin da ke hana waya ƙonewa

Layi biyu malaminmu ya rubuta a allo: V = I × R, sai P = V × I. V shi ne bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta; I amfiya ce, yawan wutar da ke ratsa waya; R turjiya ce, yadda abu ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om; P kuma wat ne, ƙarfin da na'ura ke ci. Na farkon ita ce dokar Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. Mun haddace su don jarrabawa kawai. Da na shiga aikin wayarin da haɗa sola na tarar kusan kullum sai an koma kansu, domin idan wuta na gudana bolt da amfiya kaɗai mita ke ba ka da sauƙi, sauran kai za ka fitar.

Ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 2,000 a wutarmu ta bolt 230. Raba 2,000 da 230, ka ga tana jan amfiya 8.7. Raba 230 da 8.7, turjiyarta om 26 ke nan. Ita wannan turjiyar kusan ba ta canzawa. To ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, ta sauka zuwa bolt 160, amfiya 6 kawai za ta ratsa, ƙarfin hitar ya koma ƙasa da wat 1,000. Wutar ba ta ragu da kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafi ya faɗi fiye da rabi. Mai gida sai ya ce hitar ce ta lalace, ya je ya sayo sabuwa, alhali lafiyarta ƙalau.

Inda lissafin ya fi cizo shi ne wajen batir. Wani Alhaji da muka haɗa wa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta soket, ya ɗaga guntuwar wayar batirin, mai kaurin yatsa, ya ce wa maigidana:

"Malam, wannan 'yar guntuwar ce har ta kai kuɗin nan? Ai ga ragowar wayar soket can a sito."

"Ranka ya daɗe, waccan amfiya huɗu za ta ɗauka, wannan kuwa tamanin da wani abu."

Gaskiyar maigidana. Wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne. Wat 1,000 ɗin dai a batir mai bolt 12 amfiya 83 ne, kafin ma a ƙara abin da inbatar kanta ke ci. Zafin da waya ke yi kuwa amfiya sau amfiya ne sau turjiya. Idan noti a kan batir bai ɗauru ba, ya bar turjiyar om 0.01 kacal, a amfiya 83 wat 69 na zafi zai taru a wannan ɗan wurin. Nan ne roba ke narkewa, ƙauri ya cika ɗaki. A ɓangaren soket, irin wannan sakacin ko rabin wat ba zai kai ba. Shi ya sa duk wanda ya ce zai ɗora firji da famfon ruwa nake ba shi shawarar tsarin bolt 24 ko 48, amfiyar ta sauko 42 ko 21, waya ta yi sauƙi, aljihu ma ya huta.

Sai dai lissafin na da iyaka. Kwan fitila na da, mai wat 100, a takarda om 529 ne, amma in ka auna shi a kashe da kyar ya kai om 50, saboda turjiyar zaren cikinsa tana hawa ne idan ya yi zafi. Injin firji kuma ba halinsa ɗaya da hita ba: wuta ta yi rauni, shi ƙara jan amfiya yake yi har naɗin wayar cikinsa ya ƙone.