Hawan jini ba ya sallama

Jama'a, jiya bayan sallar Juma'a ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a ƙofar masallacinmu a unguwar Aboabo, nan Ghana, suna awon jini kyauta. Kawuna mahauci ne, yana saɓa cinyar saniya a kafaɗa ko haki ba ya yi. Aka ɗaura masa abin awo a damtse, sai ga 172/104. Ya ce, "'Yata, ni ko ciwon kai ba na yi." Nas ɗin ta ce, "Baba, daga 140/90 muke fara damuwa. Ka je asibiti a sake aunawa."

Abin ya tsaya mini a rai. Mai hawan jini, zuciyarsa tana tura jini da ƙyar shekara da shekaru har namanta ya yi kauri, jijiyoyi su lalace, wata rana a ce shanyewar ɓarin jiki.

Wani bincike mai suna RODAM, tsakanin 2012 da 2015, ya kwatanta 'yan Ghana na ƙauyukan Asante da na Kumasi da 'yan uwansu mazauna Landan, Amsterdam da Berlin. Hawan jini ya fi yawa a birni da Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, mu kuwa ga magi, ga momoni (kifin gishiri), ga shito (soyayyen yaji) a kan waakye.

Wanda ya fi damuna shi ne mai ajiye maganin asibiti da zarar ya ji sauƙi, ya koma sayen na gargajiya na kwalba a cikin trotro (motar haya).